Akuyar Da Kaka Ya Kai Ƙofar Wansa

Ai ba ku ga taron ba ne! Ni kaina da na leƙo ƙofar gida sai da na ja da baya. Da sassafe aka ce Kaka ya rasu, kafin rana ta yi zafi mutane sun cika fili har bakin gonar auduga. Na Gozaki sun zo, na ƙauyukan kewaye sun zo, har wasu fatake da suka sauka Malumfashi, da suka ji labari a kasuwa, suka bar jakunansu a zango suka taho a ƙasa.

Kowa kuma da abin da yake faɗa. Mu Maguzawa ne tun kaka da kakanni, don haka matan gida suka yi kuka kaɗan suka koma guɗa, tun da tsohon da ya ga jikoki ba a yi masa kukan asara. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Yau wa zai ce mini nonona ya sha ruwa, kuma ya shanye shi tas?" Malam, maƙwabcinmu na tsallaken rafi, ya tsaya a zaure zai yi addu'ar da suka saba yi wa mamacinsu, sai ya fasa, ya shafa gemu. Ya san Kaka ba Musulmi ba ne. Can ya ce wa babana, "Allah shi ya san bayinsa. Ni dai shekara da shekaru muna zaune, ban ga ranar da ya kwana da hakkin wani ba. Allah ya ba ku haƙuri." Wani dattijo daga cikin masu tsafinmu kuwa ya ce, "Mutumin kirki, amma mai taurin kai. Ya ƙi ba iskoki zakara, ga shi kuma gonarsa ba ta taɓa ƙin yi ba. Ban gane masa ba har ya tafi."

Mutum ɗaya ne bai shigo ba. Wan Kaka, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda mu jikoki muke kira Kaka Babba. Ya zo da sandarsa ya zauna can gindin ɗorawa, nesa da zaure, ya juya wa gidan baya. Ba wanda ya yi mamaki. Kowa ya san bisa al'adarmu ba shi da ikon shiga gidan, ba shi kuma da ikon sa hannu a ƙasar kabarin ƙanensa, saboda akwai laifi tsakaninsu da ba a wanke ba. In aka rufe Kaka a haka, to, alhakin ya zauna kan tsohon nan ke nan har ranar tasa mutuwar, wasu ma sun ce har kan 'ya'yansa.

Saboda wannan nake rubutun nan, jama'a. Ku yi haƙuri da hannuna, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, a ƙasa na yi ta zana baƙaƙe da tsinke har suka zauna. Amma abin yana cina a ciki, in ban faɗa ba sai na fashe, kuma ina tsoron nan da 'yan damuna a ce, "Wane ne ma wannan tsohon?"

Kaka gajere ne, yana ɗan ɗingishi, da tabon igiya a wuyansa wanda bai taɓa rufewa da gyale ba. Ni da shi ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. In na shigo sai ya ce, "Ga ɓarawon matata nan ya zo." Ni kuma in ce, "Tsoho, ai ta gaji da kai, haƙoranka ma sun gudu sun bar ka." Sai ya buɗe bakin ya nuna mini sauran, ya ce, "Waɗannan biyun sun ishe ni cinye rabonka." Kakata, matarsa, wadda muke kira Iya, ta ce duk mu fita mata daga tsakar gida.

Yana da wata ɗabi'a a lokacin girbi. In ana yankan dawa sai ya bi bayanmu yana cewa, "Kai, wannan zangarniyar ba ta nuna ba, bar ta." Alhali ta nuna sarai. Da yamma sai ka ga gwauraye da tsofaffin mata sun shiga gonar suna kala, su fito da kwanduna cike. In sun zo godiya sai ya haɗe fuska ya ce, "Ni ban ba kowa komai ba, yaran nan ne ba su iya girbi ba." Mu ne kullum marasa iya girbi.

Tabon wuyan nan kuwa ga asalinsa. Tun babana yana goye, mahara suka faɗo wa ƙauyenmu da kaka, mutane suna gona. Kaka ya gudu ya shige duhuwar bakin rafi. Wansa aka kama. Da ya ji igiya a hannunsa, ga matarsa da tsohon ciki a gida, sai ya ce musu, "Ku sake ni, in nuna muku wanda ya fi ni ƙarfi." Ya nuna musu duhuwar. Suka sake shi, suka tafi da ƙanen. Wannan ba asiri ba ne, shi da bakinsa ya faɗa wa mutanen gari a ranar, yana birgima a ƙasa. Daga nan shi ya riƙa nome gonar Iya, shi ya ciyar da babana har ya girma, amma ko sau ɗaya bai iya haɗa ido da ita ba.

Kaka kuwa aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Lakwaja, inda manyan koguna biyu suka haɗu. A can wasu mutane masu bin Yesu Almasihu suka fanshe shi. Ya ce baƙaƙe ne irinmu, wasunsu ma da tabon igiya kamar nasa. Labarin nan na ji shi ba adadi, amma ko yaushe sai na ce ya sake.

"Da aka kwance ni," in ji shi, "sai na durƙusa na ce wa mutumin da ya biya kuɗin fansata, 'Ubangijina, ina aikin?' Ya ce, 'Tashi ka ci tuwo.' Na ci. Na ce, 'To ina aikin?' Ya ce, 'Je ka kwanta.' Ni fa sai tsoro ya kama ni. Na ce wannan kiwo na ake yi, akwai ranar yanka. Sai na shiga aiki kamar jaki ba a sa ni ba. In yi shara, in ɗebo ruwa, in faskara itace, ina cewa a raina in na yi shekara kaza na fanshi kaina. Ran nan ya same ni ina share inda na riga na share, ya karɓe tsintsiyar ya ce, 'Kai, wa kake biya? Ƙofa a buɗe take tun ranar da ka zo. In ka zauna, ka zauna don kana so.' Jikana, ka san abin da na ji? Haushi. Wallahi haushi na ji. Ashe mutum ya fi son a ce ya saya da a ce an ba shi."

A wurinsu ya ji maganar da ya riƙe har mutuwarsa, wadda yake kira alheri. Ni ma ita ce ta kama ni, har ba na iya barin ta. Yakan ce dukanmu bayi ne a hannun zunubi, kuma bawa ba ya fansar kansa, tun da shi da abin hannunsa duk na maigidansa ne. Sai dai wani daga waje ya zo ya kwance shi. Ya ce Allah ne ya zo da kansa cikin Almasihu, ya ba da ransa a kan gicciye, ya kwance mu ba don mun cancanta ba. "Wanda ya faɗa rijiya," in ji shi, "ba ya jan gashin kansa ya fito. Igiya ake zuro masa. Nasa kawai ya kama."

Shi da Malam sun sha kai ruwa rana a kan wannan, a inuwar zaure, suna ɓare gyaɗa. Malam ya ce, "To, maƙwabci, in haka ne kowa ya miƙe ƙafa ke nan? Ba sadaka, ba zumunci, ba gudun haram? Ai ko mu mun san ba mai shiga aljanna sai da rahamar Allah, amma akwai mizani."

Kaka ya ce, "Malam, dawa tana fid da kai don a shuka ta, ko don an shuka ta?"

"Don an shuka ta mana."

"To nawa aikin ke nan. An riga an shuka ni. Abin da nake yi tsiro ne, ba kuɗin iri ba."

Malam ya yi dariya ya ce, "Kai dai da ka yi karatu da ka wahalar da mu." Bai yarda ba, Kaka ma bai sauka ba, gyaɗar kuma ta ƙare. Washegari suka sake zama.

To, yanzu ga rigimar. Da Kaka ya biyo fatake ya dawo gida bayan shekaru masu yawa, kowa ya zaci za a zub da jini. Shi kuwa daga isowarsa, ko ruwa bai sha ba, ya tafi gonar wansa ya rungume shi ya ce, "Yaya, na yafe maka tun ina can." Kaka Babba ya yi ta kuka. Amma a wurinmu ba a wanke babban laifi da baki. Mai laifi ne yake jawo baƙar akuya zuwa ƙofar wanda ya cuta. Wanda aka cuta ya ɗora hannu a kanta, a yanka, su ci hanta a ƙwarya ɗaya gaban mutane. Sai an yi haka za su sake cin tuwo tare, su shiga gidan juna, su binne juna.

Da kaka ta yi, sai ga Kaka Babba da akuyarsa. Kaka ya fito ya dube ta ya ce, "Yaya, wannan fa?"

"Ka san ko ta mece ce. Ɗora hannu."

"Ba zan ɗora ba. Abin da na ba ka kyauta ba zan dawo in sayar maka ba."

"Na rantse da aradu, ashe ba ka yafe ba!"

"Na yafe, shi ya sa ba na karɓa."

"In ka yafe ka karɓa!"

Haka suka tsaya, kowa na faɗin gaskiyarsa, akuya na cin dangar gida. Kaka Babba ya ja abarsa ya koma. Wata kakar ya dawo da wadda ta fi ta ƙiba, a zatonsa raina ta farko aka yi. Ni na taso na tarar ana wannan. Duk shekara in an ɗaure dammuna, yara su ce, "Ga akuyar Kaka Babba nan tafe," mu bi ta da gudu muna dariya. Ba mu san tsohon komawa yake yi ya ƙi cin abinci ba. Shi a ganinsa ƙanensa yana riƙe da shi ne, yana yi masa murmushi a fuska yana hana shi wankuwa. Kaka kuma a ganinsa in ya karɓa ya ƙaryata abin da ya fi komai daraja a wurinsa.

Iya ce ta fasa ƙwan. Bara, bayan tsohon ya ja akuyarsa ya tafi yana haɗa hanya don rauni, ta ajiye taɓarya ta ce wa Kaka, "Malam na alheri, sannu da ƙoƙari. Kana da gaskiya, ɗan'uwanka kuma yana mutuwa a tsaye. Shi girman kai ya hana shi karɓar kyauta, kai kuma girman kai ya hana ka sunkuyawa inda yake. Allahn naka da kake faɗa, daga sama ya tsaya yana ƙwala kira, 'Na yafe'?"

Ranar Kaka ko tsokanata bai yi ba. Ya zauna a kan turmi yana kallon ƙasa har inuwa ta juya.

Da girbin bana ya ƙare, kafin wansa ya shirya, sai Kaka ya shiga garkensa ya zaɓi baƙar akuya, wadda ya fi so, ya sa mata igiya, ya kama hanya da ɗingishinsa. Mutane suka fito suna kallo, don ba a taɓa ganin wanda aka cuta ya ja akuya zuwa ƙofar mai laifi ba. Ni ma na bar sussuka na bi. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama.

Kaka Babba ya fito, ya ga akuya, ya ga taro. Ya ce, "Ka zo ka kunyata ni ne a gaban mutane?"

"Na zo mu ci hanta, Yaya. Ka ce sai da akuya, ga akuya."

"Ai ba tawa ba ce!"

"Ni ma ranar da aka kwance ni ba da abina aka kwance ni ba. Haka Allah ya yi mana. Mu ne masu laifi, shi ya jawo abin yankan har ƙofarmu."

"Ni ban san wannan Allahn ba. Na san abin da na yi, na kuma san abin da ake biya." Ya shige gida ya ja asabari.

Kaka ya ɗaure akuyar a ƙofar ya dawo. Da yamma aka maido ta. Washegari ya sake kai ta, aka sake maidowa. Har akuyar ta gane hanya, in an kwance ta sai ta yi gaba da kanta. Ana cikin haka sanyi ya kama ƙirjin Kaka, ya kwanta, bai ƙara tashi ba.

Ana gobe zai rasu, da rana tsaka, ya ce a shigo masa da akuyar har bakin gado, a kuma kira Malam da dattijon masu tsafi. Ya ɗora hannunsa a kanta ya ce, "Ku shaida na ɗora." Sannan ya ce wa babana, "Kada ku rufe ni sai Yaya ya zuba ƙasar farko." Babana ya ce, "Baba, in ya ƙi fa?" Ya ce, "Sai ku jira. Ni ba inda za ni da sauri, an riga an karɓe ni."

To kun ji yadda muka kai ga ranar nan. An haƙa kabari a bayan gida, an sa shi, ba tsafi ba salla, sai 'yan kalmomin addu'a da ya koya mana. Ga ƙasa a tare, ga fartanya a hannun samari, ba mai taɓawa. Babana ya je gindin ɗorawa ya durƙusa ya roƙa, tsohon ya girgiza kai. Na je, ya ce, "Tafi, jikan nan, hannuna ba shi da tsarki." Rana ta karkata. Mutane suka fara gunaguni, wasu na cewa ba a barin gawa a buɗe don taurin kan tsofaffi biyu, a rufe kawai. Babana ya dubi fartanya, ya dubi ɗorawa, na ga ya kusa karaya.

Sai Iya ta fito daga ɗakin makoki, abin da mai takaba ba ta yi. Ta ce a yanka akuyar. Aka yanka, aka gasa hantar, ta sa a ƙwarya ta ɗauka da kanta, ta ratsa taron har gindin ɗorawa. Ta ajiye a gabansa ta zauna a ƙasa. Rabon da su yi magana ido da ido tun ranar mahara.

Ta ce, "Yaya, ya ɗora hannu. Ga Malam, ga dattijo, tambaye su."

Dattijon ya ce, "Ya ɗora, a idona. Al'ada ta ce baƙar akuya, ta ce hannun wanda aka cuta. Na yi ta tunani, ban tuna inda ta ce daga garken wa ba."

Kaka Babba ya ce da ƙaramar murya, "Amma ban kawo komai ba."

Iya ta ce, "Ka kawo shekara da shekaru, me ya yi maka? Yau ka zo hannu wofi, ci. Ni zan ci a madadinsa. Ƙanenka yana kwance a rana yana jiranka."

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Can ya miƙa hannu ya ɗauki yanki ya kai baki. Ba shi da haƙoran kirki, ya yi ta mamula, hawaye na bin gemunsa. Iya ta ɗauki nata ta ci. Da ya haɗiye sai ya ce, "Ta yi gishiri." Iya ta ce, "Na hawayenka ne ya zuba a ciki."

Ya nemi sandarsa bai iya tashi ba, ni da babana muka kama shi. Bai zaga ta bayan danga ba. Ta zaure ya shiga, ya ratsa tsakar gidan da rabonsa da shi tun ba a haife ni ba, har bakin kabari. Ya durƙusa ya cika hannu biyu da ƙasa, ya leƙa ya ce, "Ƙanena, ka ci ni. Na karɓa." Ya zuba. Sai mata suka saki guɗa, samari suka sa fartanya.

Yanzu kullum da yamma yana zuwa gidanmu cin tuwo. Ba ya cewa ya bi hanyar Kaka, ba kuma wanda ya matsa masa. Shekaranjiya dai ya ce mini, "Kai mai zane-zane, sake faɗa mini abin da mutumin nan ya ce da ya karɓe wa ƙanena tsintsiya." Na faɗa. Sannan ya miƙo ƙwarya a ƙara masa miya.

To, jama'a, duk wanda takardar nan ta iske, a kasuwa ko a zango, ko karanta masa aka yi, ina roƙonsa abu biyu. In ka taɓa haɗuwa da gajeren tsoho mai tabo a wuya a hanyar Lakwaja, ka aiko mini da abin da ka gani ta bakin fataken da ke sauka Malumfashi, ko da kalma ɗaya ce. In kuma ba ka san shi ba, to faɗa mini naka: an taɓa miƙo maka abin da ba ka da abin biyansa? Hannunka ya buɗe nan da nan, ko kai ma sai da rana ta karkata?